Tsohon da Bai Iya Aike Ba

Babanmu mutum ne mai aike. Lokacin da yake aikin gwamnati, a ofis ya aiki masinja, a gida ya aike mu. Ka dawo daga Babbar Kasuwa kana haki, ya ce ina barkono, alhali bai taɓa ambaton barkono ba. Na sha ƙunƙuni a zaure, ba zan ɓoye ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya samu sauƙi, amma harshe ya yi nauyi, shi kuma ya ƙi jinin ya yi magana a ce masa "na'am?" Sai ya kama bakinsa. Wata huɗu ko ruwa bai ce a miƙo masa ba, sai nuni da hannu. Likita ya ce in bai riƙa magana ba, maganar za ta ƙara yi masa nisa. Na tsorata ƙwarai.

Ran Asabar bayan la'asar mukan taru a gidanmu na Abakpa, ni da ƙanena da ƙanwata, mu shimfiɗa tabarma kusa da kujerarsa. Akwai wani wasa da ƙanwar tawa ta koyo a jami'a: mutum ɗaya ya ƙirƙiro labari, sauran su zama matafiya a cikinsa, duk abin da suka yi niyya a jefa ɗan lido a ga ko sun dace. Ni ce mai labarin. Tafiya kuwa sai da wanda zai tura matafiya, don haka ran nan na ƙirƙiro wani tsoho da raƙuminsa ya ɓace.

Na maƙale murya na ce, "Don Allah 'ya'yana, ku taimaka ku nemo mini. Zan ba ku zinariya."

Ƙanena, da yake ɗan kasuwa ne har a wasa, ya ce, "Guda nawa?"

Muna cikin ciniki muka ji gyaran murya daga kujera.

"Wannan ba tsoho ba ne," in ji Baba, kalma ɗaya-ɗaya. "Tsoho ba ya ciniki da yaro. Tukuici sai an dawo."

Ban ɗaga kai ba, kar ya ji nauyi ya fasa. Na ce, "To Baba, yaya zai ce musu?"

Ya daɗe kafin ya haɗa maganar, ba kuma wanda ya ce na'am. Su bi ta rijiya. Su gaida mai gari. Kar su tsaya surutu.

Aka yi ta jefa ɗan lido har gab da magariba, matafiya suka dawo da raƙumi suna jiran yabo. Baba ya dube su.

"Ina akalar?"

Ƙanena ya ce, "Baba, ai ba ka ce da akala ba."

"Sai na ce?"

Na miƙe zan shige kicin, don kar su ga idona.

Ya ce, "Ke. Tunda kin tashi, kawo mini ruwa."