Jinin da Yaya Sule Bai Samu Ya Ba Ni Ba

Assalamu alaikum. Masu turo saƙo suna cewa "Habu Direba, ko ka mutu ne?", ban mutu ba. Bakina ne ya yi nauyi. Yau dai zan faɗa.

Tun hatsarin da na yi a hanyar Rano zuwa Kano ƙuguna na dama bai sake komawa daidai ba. Daga ɗingishi sai sanda, daga sanda sai ga shi ko birki ba na iya takawa. Na ajiye mota na koma gida Unguwar Gai. Sallah a zaune. Banɗaki sai an kai ni.

Mai kai nin kuwa yayana ne, Yaya Sule, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙaton manomi. Ya goya ni kamar buhun masara yana tsokanata: "Direba, yau ni ne motar, kawo kuɗin mota."

A asibitin ƙashi a Kano aka ɗauki hoto, aka ce kan ƙashin ya cinye, sai an cire an sa na ƙarfe. Na sayar da motar. Suka ce in kawo mai ba da jini. Kafin su rufe baki Yaya Sule ya naɗe hannun riga.

Aka ɗebi nawa, aka ɗebi nasa, aka kai gwaji. Sai likita ta kira mu tare.

"Malam Habu, aikinka ba yanzu ba. Akwai ƙwayar ciwon hanta a jininka, wadda muke kira C. Sai mun kashe ta tukuna, kada a yanka ka hanta ta kasa ɗauka." Ta juya. "Malam Sule, kai ma akwai. Ana yi muku ƙaho?"

Muka kalli juna. Duk bayan girbi wanzami yake zuwa ƙofar gidanmu, a jeru a tabarma, aska ɗaya har na ƙarshe. Ni har ƙarin tsaga aka yi min a ƙugun, wai mataccen jini ne.

Hoton ciki ya nuna tawa hantar da sauƙi. Tasa ta fara ƙandarewa. Likita ta ce ya fi ni gaggawa.

Ya yi dariya! "Ni da nake huɗa daga safe har azahar? Likita, ga mara lafiya nan. Bari a kawar da amfanin gona."

Na fara shan ƙwayar magani, kullum ɗaya, wata uku. Tsadarta ta cinye rabin kuɗin motar. Ga ciwon kai, ga kasala, ga ƙugu yana ci na, an kuma hana ni maganin ciwon da na saba kwankwaɗa. Na ce wa Yaya Sule mu raba abin da ya rage shi ma ya sayi maganin, aikin ya jira. Na roƙa, na yi masifa, har na ce ba zai ƙara goya ni ba. Ya ce, "To rarrafa." Ya sunkuce ni.

Wallahi har yau ina jin haushinsa.

Gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta bar jinina. Aka sa ranar aiki. 'Yan tasharmu ne suka ba da jinin, suka cika kuɗin. Da na farfaɗo na ga Yaya Sule a gefen gado, idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya ɗaga riga. Ya ce ciwon shawara ne, yana shan jiƙo.

Ina koyon taku da sanduna biyu, shi yana kwanciya. Sai da ya fara aman jini ya yarda aka kai shi asibiti. Suka ce a dawo da shi gida, a yi ta addu'a.

Ranar da na shiga ɗakinsa ba sanda, ya kalli ƙafata ya ce, "Alhamdu lillahi. Motar taka ta huta ke nan."

Bai kai sati ba.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da 'yan tasha, da matata Rabi da ta sha wanki da baƙin raina. Ƙuguna lafiya, har sujada ina yi.

Jama'a, ku je a gwada jininku ko kuna jin ƙarfi. Ciwon nan ba ya sallama. Za ka yi ƙaho ko aski, sayi sabuwar reza a buɗe a gabanka. Wanda aka ce yana da shi ya fara magani, kada ya jira kaka. Idan ɗan'uwanka ya ƙi, tara masa manya, kada ka gaji yadda na gaji.

Ranar jana'iza aka ce in bari saboda ƙugun. Na ƙi. Na sa kafaɗa a makarar har maƙabarta.

Shekara biyu yana ɗaukata. Ni sau ɗaya na ɗauke shi, kuma ba shi da nauyi.

Ku sa Yaya Sule a addu'a.