Bishiyar Alhaji Sani

"Ya amsa! Wallahi ya amsa!" Haka abokina Alhaji Sani ya dinga ihu jiya, ga muryar wani mutumin Accra tar a rediyonsa.

Ni fa na koya masa harkar rediyon hira da mutanen nesa. Doguwar waya kawai ya rataya a bishiyar gidansa a nan garin Fort Washington, ta zama eriya. Tawa tana ɓoye cikin rufi, dokar unguwarmu ta hana kafawa a waje. Muryata ba ta taɓa wuce jihar Ohio da ke nan kusa ba.

Ya ce, "Injiniya, ba kana da bishiya ba?"

Na ce, "Bara na sa aka sare, ganye ya ishe ni."

Na taya shi murna, amma tuwon da matarsa ta kawo mana da ƙyar ya wuce min.

Jama'a, ni kaɗai ne na taɓa yi wa mutum hassadar bishiya?