Katangar da Ta Raba Inna da Gwaggo

A gidanmu na Ƙofar Mazugal akwai wata 'yar ƙofa a jikin katangar baya, sai ka sunkuya kake wucewa. Ta nan Inna, mahaifiyata, take shiga wurin maƙwabciyarta da muke kira Gwaggo, ko da yake zaman tare ne kawai ya haɗa mu. Ko mayafi ba sa ɗauka. Gishiri, garwashi, gulma, duk ta nan suke bi. Gidajen sun ba wa juna baya, in ta waje za ka bi sai ka sha zagayen lunguna.

Daminar da katangar ƙasar ta rushe, muka ce a yi ta bulo a huta da yaɓe. Mai unguwa ya ce yanzu ba a gini sai da izinin hukuma, in ba haka ba a shafa mana jan fentin rusau. Muka nema. Ma'aikacin da ya zo awo mutumin kirki ne, har ƙasa ya gaida Inna. Amma ya ce gida biyu ne, takarda biyu, ba a yi wa katangar iyaka ƙofa.

Inna ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba muke bi ta nan."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Ba ni na tsara ba, a yi haƙuri."

Aka ja katanga sambal. Har yau ina jin haushin kyanta.

Da farko sukan zagaya. Sai gwiwar Gwaggo ta ƙi, Inna kuma hawan jini ya zaunar da ita. Suka koma magana ta saman katanga kamar masu faɗa. Wace hira ake yi da ihu? A hankali ta koma "Kin tashi lafiya?" kawai.

Wata safiya Inna ta kira, shiru. Ta ɗauka barci ne. Sai da hantsi muka jiyo salati da kukan mata. Ashe tun asuba Gwaggo ta cika, 'ya'yanta suka ɓoye don gudun jinin Inna ya hau. Ba su san su biyun sun yi alkawari ba, cewa duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta yi mata wanka.

Na riƙe hannun Inna muka zagaya, tana tafiya tana hutawa. Kafin mu isa an gama wanka, an ɗaure likkafani, maza suna jira a zaure. Ta dafa bango ta dubi matan gidan.

"Ko fuskarta ba ku bar mini ba?"