Wayoyin Malam Mahfuzu, Zaren Khaula

Yana taɓa wayar 'yar fitilarsa a kan batir, ta kawo haske, sai ya gyaɗa mata kai kamar ta amsa masa sallama. Haka Malam Mahfuzu ke buɗe rumfarsa kowace safiya, shekara talatin da ɗoriya, a gindin wata darbejiya a bayan tashar motocin Garwa ta ƙasar Kamaru. Mai wayarin mota ne. Kakansa fatauci ya kawo shi daga Kano. Shi kuwa bai gaji ciniki ba, haƙurin warware abin da ya cukurkuɗe ya gada.

Ran nan Jacques ya zo da a-kori-kurarsa, wadda yake ɗauko kifi da ita daga Lagdo. Injinta ya ƙone, an sauke shi an ɗora na wata mota daban.

"Baba, motata ta zama waliyyiya," in ji Jacques. "Da na hau tudu sai allurar mai ta riƙa hawa. Man gazuwal na ƙaruwa da kansa! Allurar zafi kuwa tana kwance kamar gawa."

"To ka daina shiga gidan mai mana."

"Ai na daina. Shekaranjiya ni da kifina muka tura ta."

Mahfuzu ya yi dariya har da tari. Ya riga ya gane: masu ɗora injin sun haɗa wayar zafi da allurar mai. A da, aikin kwatan awa ne. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin allon gaban direba, wanda a nan ake kira tablo, ya dubi wayoyin.

Tun bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Kore da shuɗi da ruwan toka duk sun narke sun zama launi guda, kamar Binuwai da damina. Fitila tana nuna masa inda wuta take, amma ba ta faɗin sunan waya. Bai gaya wa kowa ba, don ranar da direbobi suka ji, babu mai sake miƙa masa makulli. In kuma ya yi kirdado, sabon injin zai dahu a hanya, allura ba ta ce uffan ba.

"Dawo bayan azahar," ya ce.

Ya kwance tablo ɗin tare da curin wayoyinsa, ya naɗe a buhu, ya nufi gida. Matarsa Khaula tana ɗaki tana ɗinkin hula, zaruruwa zube a cinyarta.

"Malam, yau motar ce ta biyo ka cin tuwo?"

Ya zauna a bakin tabarma. Ya daɗe yana shafa wayoyin kafin ya ce, "Hajiya, wannan wace iri ce?"

Ta ajiye allura. Ba ta dubi wayar ba tukuna, shi ta duba.

"Tun bara ka yaba mini jar hula, alhali ruwan ƙasa na ɗinka. Jira nake ka tambaya."

Ta matso har kafaɗarsu ta haɗu.

"Wannan ruwan ɗorawa ce mai ratsin ja. Wani marar kunya ya ɗaure ta da koriya, ko ƙullin kirki bai iya ba."

"Ta mai ke nan. Nemo mini ruwan ɗorawa mai ratsin kore."

"Ga ta nan, an bar ta tana lilo kamar marainiya."

Tana faɗin launi, yana faɗin aiki, wannan daga tanki, wannan daga kan inji. Sai ta tsinke zare da haƙori ta ɗaura wa kowace: ta mai ƙulli ɗaya, ta zafi ƙulli biyu, ta man inji uku. Ta kama yatsansa ta bi da shi a kansu.

"Ka ji su?"

"Na ji su sarai."

"Gobe ma ka kawo. Amma ranar Litinin asibitin ido za mu, kada ka ce mini akwai aiki."

"To, Hajiya."

"Ban ji ba."

"Na ce to."

Ya naɗe buhun a hankali don kada zaren ya zame, ya rungume shi a ƙirji. A bakin ƙofa ya laluba takalmansa da ƙafa, ya ɗaga labule ya fita.