Akushin Baba

Ranar wata kasuwar Shagari, a kakar shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama, na kama gefen rigar wani mai sayar da goro na ƙi saki. Dogo ne baƙi, ni kuwa an faɗa mini ubana dogo ne, kuma fataucin goro ya kai shi Gwanja tun ina rarrafe. A ƙwaƙwalwa irin tawa, wadda ko alifun ba ta riƙe ba sai da bulala, shaida ta cika. Na yi ta jan sa ina cewa ya taso Inna na jira, 'yan rumfa suna riƙe ciki don dariya, har Baffa Sani, ƙanen ubana, ya bar buhunan albasarsa ya zo ya ɓamɓare ni. Mutumin ya ce, "Yaro, ɗiyan da ni ka da su gida sun ishe ni." Kafin jakinmu ya kai garinmu Lambara, sunana ya koma Mafarauci.

Laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, har da akushi. Baba ya bar wani baƙin akushi a gida, kuma kullum magariba Inna sai ta zuba tuwon gero a ciki kafin na kowa, ta rufe da faifai, ta ce in kai zaure. Duk baƙon da dare ya kusa riska a hanya, shi ke ci. Na taɓa tambayarta me ya sa muke ciyar da mutanen da ko sunanmu ba su sani ba, ta ce, "In ka ci da baƙon wani nan, wani na ci da naka can." Ni kuwa da na ga akushin Baba a gaban mutum, sai in tsuguna in yi ta ƙare masa kallo, ko shi ne. Na duba Buzaye, na duba masu jakai, har wani makaho na duba.

In ban da wannan, ban yi ƙuruciyar maraya ba. Baffa Sani ya koya mini riƙon fartanya da ban ruwan albasa a fadama, shi ya yi mini kaciya da rigar salla, shi ne kuma ya dake ni ranar da na bar tsuntsaye suka cinye gero ina can wajen langa. Da aka zo ɗibar yaran boko na Bodinga, cikin rumbu na kwanta, abin da ya sa har yau sa hannuna babban yatsa ne. Amma in yara suka yi faɗa kowa ya ce zai gaya wa babansa, ni sai in ce Baffa, kuma kalmar ba ta cika mini baki.

Bayan abin kunyar Shagari na daina duban baƙi. Ina ajiye akushi in juya. Haka na yi wata magariba ta bazara, da na tarar da wani ramammen mutum a zaure, ƙafa duk faso, ba kaya sai sanda da buta. Ya dube ni ya sunkuyar da kai, bai tambayi sunana ba. Da na koma ɗauko akushin na ga ya ci gefe ɗaya kawai, ya yanke tuwon tsaf kamar da wuƙa, ya tara miyar a kan ragowar. Murna ta kama ni, don baƙi ba su saba bar mini komai ba. Na shiga gida ina lasar yatsa. Inna ta ɗaga faifan, ta duba, sai kawai ta zauna a ƙasa kusa da murhu. Ta ce, "Tai ka kira Baffanka. Mutum guda na sani da ka cin tuwo haka."

Ashe Baba ne. Kunya ce ta tsayar da shi a zaure, don ya dawo hannu wofi, ni kuma ɗan fari ne, ba a kiran sunana. Mafarauci guda, nama ya zo har gida ya ci tuwo ya bar mini saura ban gane ba. Lambara ta samu abin dariya na shekara.

Yanzu jikokina suna Legas da Kumasi, ina ganin fuskarsu a waya duk sa'ad da na so, ba mai ɓacewa. Zauren ma an mai da shi shago, baƙi sun koma cin abincin tasha. Akushin yana nan rataye a ɗakina, ya tsage. Wani lokaci in magariba ta yi, sai in ji kamar akwai wanda ba a zuba wa ba.