Masarar Baƙuwa da Tantabarun Inna

Inna, mahaifiyata, hatsin tantabaru take sayarwa. Tun ina goye a bayanta take zama a gefen wani fili kusa da Harami, da ƙananan ledojin dawa da alkama a gabanta, alhazai su saya su watsa, tantabaru su sauko kamar an zazzage buhu. Doka ɗaya gare ta wadda ba a taɓawa: ba a korar tantabarar Makka. Ba a tafa mata hannu, ba a kaɗa mata zane, ba a daka mata tsawa. In kin ƙona tuwo Inna za ta yafe miki, amma in kika firgita tsuntsuwa a kan soronmu na unguwar Tandabawi, to ranar kunnenki sai ya gaya miki. Takan ce amintattun Allah ne, a garin da Ya amintar, ke wace ce?

Akwai kuma wata al'adar tata. Duk hatsin da ya shigo gidanmu, na saye ko na kyauta, damƙin farko na tantabaru ne. Takan zuba shi a faifan da ke bakin matakala, ta haɗa da ragowar na sayarwa, bayan la'asar ta hau soro ta watsa. Da wannan na tashi, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kansa ba.

Ranar da nake son ba da labarinta, ina gida don ba ni da aiki a asibitin da nake shara. Da hantsi sai ga Inna ta shigo riƙe da wata tsohuwa, gajeriya, fatarta kamar jan ƙasa, tana jan ƙafa. Wai rana ce ta kayar da ita a gaban ledojin Inna, mutane suka tsaya kallo.

Na ce, "Inna, yanzu fisabilillahi gidanmu ne asibiti?"

Ta ce, "Ke 'yar nan, rufe min baki ki kawo ruwa. Baƙuwar Allah ce."

Muka kwantar da ita a gaban fanka, muka jiƙa mata tawul, muka ba ta zamzam kaɗan-kaɗan. Na gwada Larabci, ba ta ji. Inna ta gwada Hausa, kamar dole ne kowa ya ji Hausa in an ɗaga murya. Abin da muka haɗu a kai shi ne alhamdulillahi da salati. Da ta ɗan dawo hayyacinta, sai ta sa hannu cikin rigarta ta zaro wata jaka ta saƙa, mai zanen ja da kore, ta miƙa wa Inna da hannu biyu. Ta yi magana mai tsawo da yarenta, ta dafa ƙirjinta, ta dafa hannun Inna, sannan barci ya ɗauke ta.

Inna ta kwance bakin jakar. Masara ce, ba ta kai rabin mudu ba, amma wallahi ban taɓa ganin irinta ba. Wata baƙa kamar an turara ta a shuni, wata ja, wata mai ɗigo-ɗigo. Inna ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, har da tsaraba." Ni ma haka na ɗauka. A wurinmu baƙon da ya miƙo hatsi da hannu biyu ai tsaraba ya kawo, babu wata fassara.

A wuyan tsohuwar akwai katin funduƙi, wato otal ɗin da ta sauka. Na buga lambar da ke jiki, ba a ɗauka ba, don haka bayan azahar na sa abaya na tafi da ƙafa. Can na sha zama. Wannan ya tura ni wajen wancan, wancan ya ce in jira mai kula da ayarinsu. Har aka kira la'asar na yi salla a wani lungu, raina a ɓace, ina ta mita a zuci. Daga baya sai ga wata mata ta sauko a guje, idonta ya kumbura don kuka. 'Yar tsohuwar ce. Ta yi karatun addini, tana jin Larabcin littafi, ni kuma na titin Makka nake yi, amma mun fahimci juna.

Na ce mata mahaifiyarta tana lafiya, tana barci a gidanmu. Ta rungume ni. Tambayarta ta biyu kuwa ita ce, "Jakar tana jikinta?"

Na ce, "Ta masara? Ai ta ba Innata."

Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi. To ta ba ta ajiya ke nan. Ta ji tsoron kada ta suma a sace."

Ajiya.

A hanya take ba ni labari, muna kutsawa cikin mutane. Su mutanen duwatsun kudancin Meziko ne, ainihin 'yan ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar lokacin da suka ƙetare teku da jiragen ruwa. Ta ce sun zo da dawakai da bindigogi da cututtukan da kakanninsu ba su sani ba, agana ta riƙa kwashe gari guda ba a samu mai binne wani ba. Waɗanda suka rage aka ƙwace musu gonaki, aka sa su noma wa baƙin a kan ƙasar iyayensu. Aka sauya musu sunaye, aka rushe wuraren ibadarsu, aka riƙa dukan yaro in ya yi yarensu. Ta ce duk abin da ake gani da ido an karɓe. Abin da mata suka iya ɓoyewa shi ne iri, a cikin kitso, a cikin kalmasar zane. Kowane gida da irin masararsa, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba tata, shekaru ɗaruruwa.

Ni dai ina sauri ina cewa na'am, na'am, hannuna yana laluben jawwal, wato wayata, a jaka.

Ta ce 'yar gonar da ta rage musu a kan dutse ma an raba su da ita, yanzu a gefen birni suke haya. Rumbun ɗan'uwan mahaifiyarta ruwa ya shiga, nasa irin ya ruɓe. Abin da ke cikin jakar nan shi ne ya rage a duk danginsu. Tsohuwar ta ƙi barinsa a gida. Ta ce sai ta yi ɗawafi da shi a ƙirjinta, ta roƙi Allah Ya ba ta ƙasar da za ta shuka shi kafin ta mutu.

Na buga wa Inna waya. Tana ta ringi. Na sake bugawa. Na san inda wayar take, tana can ƙarƙashin filo, inda take kwana take wuni. Na san kuma uwata. Baƙuwa marar lafiya, ga tsaraba ta kawo, Inna ba za ta bari rana ta faɗi ba ta sa mata ita a baki ba, don a wurinta wannan ne karamci. Na ce wa matar, "'Yar'uwa, mu yi gudu." Ta ce lafiya? Na ja hannunta kawai. Na tattare abaya, na riƙa hawan layin nan namu mai tudu ina haki, ina cewa ya Allah ka sa ta yi gyangyaɗi, ya Allah ka sa wuta ta ɗauke.

Tun daga ƙasan matakala na ji ƙamshin kunu.

Turmi yana tsakar gida, dusa a gefe a kan tire. Inna ta surfa, ta wanke, ta markaɗa a inji, ta dama da tsamiya. Kunun ya fito wani launi kamar ruwan zoɓo da aka zuba wa nono. Tsohuwar tana zaune da kofi a hannu biyu, ta kurɓa sau ɗaya, ta tsaya. Hawaye ne kawai ke bin fuskarta, ba ta ko motsi. Inna kuwa tana mata fifita tana murmushi.

Ta ce da ni, "Kin gani? Ta ji ɗanɗanon gida, kewa ta taso mata."

'Yar ta kalli turmin, ta kalli kofin, ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ba ta zagi kowa ba. Da ma ta yi zagin, da ya fi min sauƙi.

Na ce, "Inna, ba tsaraba ba ce. Ajiya ta ba ki. Iri ne. Shi kaɗai ya rage musu a duniya."

Mafici ya faɗi daga hannunta. Ta ce, "Iri?"

Ban yi mata bayanin Turawa da jiragen ruwa ba, ba ta buƙata. Inna tana yarinya suka taso daga ƙasar Kano da ƙafa, suka bi ta Chadi da Sudan. Kakata ta ƙullo irin geron gidansu a bakin zane, wai duk inda suka zauna za ta shuka. A wani gari yunwa ta kama su, ta kwance ta daka wa 'ya'yanta. Inna takan ce har kakata ta rasu a Makka ba ta daina cewa "mun ci iri" ba, kamar mai faɗin sunan mamaci.

Inna ta ce, "Innalillahi. Sau biyu ke nan." Sai kuma ta zabura ta kalli bakin matakala, inda faifan yake zama. Babu shi. Ta ce, "Damƙin farko! Yanzu na sauko daga watsawa!"

Inna, tsohuwar da ciwon gwiwa ya dama, wadda sai an riƙe ta take hawa mota, ita ta riga mu kaiwa soro. Muka tarar ba a ganin siminti don tantabaru. Sun rufe wurin gaba ɗaya, kai a ƙasa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kowace tana haɗiya. Da idona na ga wata ta ɗauki baƙar ƙwaya ta ɗaga wuya. Na ɗaga hannu zan tafa, wallahi hannun ya ƙi haɗuwa. Tun ina yarinya aka ɗaure shi. Na tsaya kamar gunki ina kallon abin da mutane suka ɓoye wa bindiga yana tafiya cikin tsuntsaye.

Inna ce ta cire mayafinta. Kanta ba ɗankwali, furfura a waje, a kan soro, maƙwabta na gani. Ta shiga tsakiyarsu tana kaɗawa tana ihu, "Ku tashi! Ku tashi, don Allah ku tashi!" Tana kora tana kuka tana astagfirullah. Suka tashi gaba ɗaya da wata ƙara, ƙura da gashi suka cika mana ido. Wasu da suka saba da ita suka sake saukowa kusa da ƙafarta, ta sake korarsu. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga tana cewa, "Inna, lafiya? Ke ce kuwa?" Inna ba ta ko juya ba.

Muka durƙusa mu huɗu, don baƙuwar ma ta rarrafo ta hau. Simintin yana ƙuna kamar tanda. Muna tona dawa da alkama da kashin tantabaru da yatsu, muna leƙa tsagar bango, muna ɗaga tsofaffin bokitai. Duk wadda ta samu ƙwaya ɗaya sai ta yi kabbara. Na samu wata ja a bakin indararo, saura kaɗan ta gangara titi. Har aka kira magariba muna nan, gwiwoyina sun saluɓe. Abin da muka tara bai rufe tsakiyar tafin hannun tsohuwar ba, wasu ma baki ya fasa su.

Ta daɗe tana kallonsu. Ta ware fasassun gefe, ta mayar da sauran cikin jakar, jakar ta koma kamar babu komai a ciki. Da muka sauko Inna ta kama ƙafarta tana neman gafara da Hausa, ita kuma tana ɗago ta tana magana da yarenta, babu mai jin wani. Na ɗauki tukunyar kunun zan kawar don kada su riƙa ganinta, sai tsohuwar ta riƙe hannuna. 'Yar ta ce, "Ta ce ba a zubar da shi. A sha." Ta cika kofi ta miƙa wa Inna da hannu biyu. Inna ta sha tana shessheƙa, mu ma muka sha, har aka kankare tukunyar. Kunun ya yi daɗi, wannan ne abin da ya fi ci min rai.

Da za su tafi na tambayi 'yar ko abin da ya rage zai isa. Ta ce ba ta sani ba. Masara ba ta son kaɗaici, sai da yawa take yin zangarniya mai kyau, kuma ko gonar ma ba su da ita, sai dai a gwangwani. Ta karɓi lambata. Ba ta taɓa kira ba, ni kuma kunya ta hana ni nema. Har yau ban san ko ta tsiro ba.

Inna ta yi azumi saboda korar da ta yi, ta kuma ci gaba da watsa hatsinta har aka rushe layinmu muka koma unguwar Ka'akiyya, gidan haya marar soro. Can wata maƙwabciya da ta dawo daga ganin gida a Nijar ta kawo mata gero cikin ƙaramar leda. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta tsaya ta dube ta ta ce, "Na ci ne, ko na shuka?"

Matar ta ƙyalƙyale da dariya. "Haba Inna, a Makka? A kan dutse za ki shuka?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ƙulle geron a bakin zanenta. Da muka zo yi mata wanka ranar da ta rasu, na same shi a nan na kwance. Yana cikin akwatina, ban ci ba, ban kuma sami inda zan shuka ba.