Uwar Ɓeraye Ta Fito Rana

Kowace safiya, lokacin da mutane ke buɗe tagogi, ita ƙofa take ja ta rufe. Ɗakin aikinta a cibiyar binciken magani ba shi da haske sai jan ƙwan lantarki guda, mai kama da garwashi. Nan take kiwon ɓerayen gwaji, tana wanke keji, tana yi musu hira ƙasa-ƙasa. Uwar Ɓeraye ake ce mata, ita kuwa amsawa take abinta.

Dokar ɗakin ɗaya ce, rana ba ta shiga. Masanan da ke bene suna haɗa dangin bitamin D, suna ɗan sauya masa siffa don ya yi wa masu ciwon ƙoda aiki, sannan a gwada a kan ɓerayen da ƙashinsu ya yi laushi. In rana ta taɓa su, fatarsu za ta yi nata bitamin, shi ke nan ba mai sanin ko maganin ne ya miƙar da su.

A gida kuwa ga jikarta, ƙoda ta gaza, ƙafafu sun lanƙwashe.

"Kaka, yau 'ya'yan naki sun tashi?"

"Saura ƙiris, ƙawata."

Ran nan da tsakar rana, ana dab da kammala gwajin, iska ta ɓalle katakon da ya toshe taga. Haske ya kwararo, fari tas, yana rarrafowa wajen kejin. Ɓerayen suka ɗaga kai. Wayyo, abin ya yi kyau! Har zuciyarta ta ce, bar bayin Allah su sha rana ko sau ɗaya. Sai ƙafafun yarinyar suka faɗo mata a rai. Ta haye kujera, ta shimfiɗa mayafinta a tagar, ta danne shi da bayanta.

Kafintan da aka kira ya tarar da ita a kan kujerar, ya soma yi mata sannu.

"Kai dai buga ƙusarka, ɗana, gaisuwa daga baya."

Ke ce, Kaka, mai gadin duhu. Sunanki bai hau takardar binciken ba, kuma wallahi abin yana yi mana ciwo, mu da muka amfana da aikinki. Mun gode, Allah Ya saka miki. Duk mai aiki a lungun da ba a gani, ya riƙe tagarsa yadda kika riƙe taki.

Shekaru sun ja kafin maganin ya isa asibiti. Jiya ta ajiye aiki. Ta fito tana ƙifta ido, ta hangi wata budurwa tana tsallako titi, ba sanda, ba mai riƙe ta. Ashe jikarta ce.

"Kaka, zo mu shiga inuwa."

"Inuwa kuma? Matso nan cikin rana, in ga ƙafafun nan da kyau."